Babi na Bakwai: Sankore da Zaurukan Timbuktu

Da wuya a sami wanda ya yi gasar kacici-kacici a sakandare, ko ya karanta irin littattafan nan na tambaya da amsa, bai taɓa cin karo da Jami'ar Sankore ba. Abin da aka saba faɗa shi ne, a birnin Timbuktu na ƙasar Mali an yi wata jami'a tun kafin yawancin jami'o'in Turai, wadda a lokacin da take ganiyarta ta tara ɗalibai 25,000, har wasu kan ƙara da cewa tana da tsangayoyi da digiri hawa-hawa. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba a banza ta samu karɓuwa ba. Sai dai idan aka koma ga abin da mutanen Timbuktu suka rubuta da hannunsu a ƙarni na 16 da na 17, ba za a tarar da wannan jami'ar ba. Za a tarar da manyan malamai da sunayensu da na malamansu, da littattafan da suka karantar, da lokutan da suke zama, har da abin da yara ke biya. Abin da waɗannan bayanai ke siffantawa shi ne tsarin da mutumin Madabo a Kano ko na Masanawa a Katsina zai gane nan take: malami a gidansa, almajiri da littafinsa a gabansa, ana biya masa yana maimaitawa har ya sauke. Wannan tsari shi ne ainihin abin da ya ɗaukaka Timbuktu, kuma laƙaba masa sunan jami'a yana rufe mana ido daga ganin inda ƙarfinsa yake, da kuma inda yake da rauni.

Garin kansa bai fara da ilimi ba. Littafin Tarihus Sudan na Abdurrahman Assa'adi ya nuna cewa wajen shekarar 1100 wurin zango ne na Abzinawa, waɗanda kan matso kusa da Kogin Kwara da rani. Abin da ya raya shi matsayinsa ne: nan raƙumin da ya ɗauko gishiri daga Tagaza yake sauke kaya, nan kusa kuma, a tashar Kabara, jiragen ruwa ke kawo hatsi da zinariya daga Jenne. Ibn Baɗuɗa ya ratsa ta garin a 1353, bai ga abin da ya tsayar da alƙalaminsa sosai ba, ban da kabarin Abu Ishaƙ Assahili, mutumin Andalus da Mansa Musa ya taho da shi daga hajjinsa na 1324. Sankore kuwa sunan unguwa ce a arewacin garin, inda iyalan Sanhaja da suka yi ƙaura daga Walata suka zauna, kuma masallacin unguwar, a cewar Assa'adi, wata mata mai dukiya ce ta ba da kuɗin gina shi. Alƙali Aƙibu ɗan Mahmudu, wanda ya rasu a 1583, shi ya sake ginin. An rawaito cewa da ya je Makka ya auna Ka'aba da igiya, ya dawo da igiyar, ya fitar da filin tsakiyar masallacin daidai wannan awo. Ka'aba dai babu gefenta da ya kai mita 15. Masallacin yana nan har yau, ginin ƙasa ne da itatuwa suka leƙo daga jikin hasumiyarsa, waɗanda magina ke takawa lokacin yaɓe. Babu ɗakunan kwanan ɗalibai a jikinsa, babu azuzuwa. An yi karatu a cikinsa, babu musu: mahaifin Ahmad Baba, mashahurin malamin garin, ya shafe sama da shekara ashirin yana karanta Buhari da Muslim a can cikin watannin Rajab da Sha'aban da Ramadan. Amma irin wannan majalisi na watanni uku daban yake da karatun yau da gobe.

Karatun yau da gobe mun san yadda yake saboda Ahmad Baba ya bar mana tarihin malaminsa, Muhammadu Bagayogo, Bawangare da aka haifa a Jenne, wato ɗan ƙabilar nan da Tarihin Kano ya ce su suka kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji. Bagayogo kan fara karantarwa bayan sallar asuba, ya zarce har hantsi ya yi sosai. Daga nan ya tashi, wani lokaci ya tafi wajen alƙali ya yi wa wani ceto ko ya sasanta masu rigima. Bayan azahar ya zauna a gidansa har la'asar, sannan ya koma wani wuri ya ci gaba har rana ta kusa faɗuwa, bayan magariba kuma ya karantar a masallaci zuwa lisha. A lura, a wuni ɗaya ya zauna a wurare uku ko huɗu, almajiransa na biye da shi. Ahmad Baba ya lizimce shi fiye da shekara goma. Ya karanta Muhtasar na Halil a gabansa sau takwas, ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya yi shekara uku a kan Tashil na Ibn Malik a nahawu. Kuma ya faɗi wani hali na malamin da ya fi komai bayyana yadda littafi ke yawo a garin: almajiri zai zo ƙofar gida ya nemi aron littafi, ko da mai wuyar samu ne, Bagayogo ya miƙa masa ba tare da ya san ko wane ne ba, wani a dawo da shi, wani shi ke nan, har ya yi asarar littattafai da dama ta haka. Wanda ya sauke littafi a wurin irin wannan malami ijaza ake ba shi, takarda mai ɗauke da sunan littafin, da sunan malamin, da salsalar waɗanda aka karɓo daga gare su har zuwa mawallafi. Ƙimar takardar tana ga sunan mutumin da ya sa hannu. Shi ya sa masu rubuta tarihin malaman Timbuktu ba sa cewa wane ya yi karatu a Sankore, sai dai su ce ya ɗauki fiƙihu a wajen wane, nahawu a wajen wane.

To ina aka samo 25,000? Babu wannan adadi a cikin littattafan tarihin garin guda biyu, Tarihus Sudan da Tarihul Fattash. Abin da Tarihul Fattash ya kawo shi ne, akwai makarantun allo tsakanin 150 da 180 a Timbuktu. Ya kuma ba da labarin wani da ya ziyarci makarantar wani malami mai suna Ali Takariya ranar Laraba, ya ga yara na kawo wuri biyar-biyar, wasu goma-goma, bisa al'adar wannan rana, har aka tara wuri 1,725 a gaban malamin. Kuɗin Laraba ke nan, kamar yadda muka san shi. Idan aka raba wannan kuɗi, yaran ba za su gaza 170 ba, ba za su wuce 345 ba, kuma da alama an ambaci makarantar ne saboda girmanta ya fita daban. Elias Saad, wanda ya wallafa nazari a kan zamantakewar malaman garin a 1983, ya ƙiyasta yaran makarantun allo duka a kan dubu huɗu zuwa biyar, waɗanda suka kai matsayin malanta kuwa ɗari biyu zuwa uku. Kada a raina wannan adadi. Gari a bakin hamada, a ƙarni na 16, da ke da malamai ɗari biyu masu iya warware Muhtasar da ba da fatawa, ya isa a yi masa kirari ba tare da an ƙara gishiri ba.

Akwai mai cewa, kuma maganarsa tana da nauyi, wannan ƙwanƙwance ba ya amfanar kowa sai waɗanda tun asali suka ce baƙar fata ba shi da tarihi. Ba a daɗe ba, a 1963, wani farfesan tarihi na Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya tsaya a bainar jama'a ya ce abin da ake da shi kawai tarihin Turawa ne a Afirka, saura duhu ne. Wanda ya taso yana jin irin wannan, in aka ba shi Jami'ar Sankore ya kare kansa da ita, ba zai so a karɓe masa ba. Sai dai ya kamata a san daga ina sunan ya fito. Wanda ya yayata shi wani ɗan jarida ne Bafaranshe, Félix Dubois, da ya je garin jim kaɗan bayan Faransa ta mamaye shi a 1894, ya rubuta littafi ya sa wa babi guda sunan Jami'ar Sankore. Ya yi hakan ne don masu karatunsa na Faris su gane girman abin da yake ba su labari, da ma'aunin da suka sani. Mu kuma da muka ɗauki sunan, mun ɗauki ma'aunin tare da shi, wato mun yarda ke nan ilimi ba ya cika ilimi sai ya zo cikin kamannin Sorbonne. Bayan haka, hujjar da aka gina a kan adadin da ba shi da tushe ba ta daɗewa a gaban mai bincike. Ranar da ya rushe adadin, sai ya haɗa da gaskiyar da ke ƙarƙashinsa ya yi watsi da su gaba ɗaya. Amsar da ta fi ƙarfi ga Trevor-Roper ita ce littafin Nailul Ibtihaj na Ahmad Baba, tarihin ɗaruruwan malaman mazhabar Malikiyya, wanda har yau masu bincike a Fas da Tunis da Alƙahira ba sa iya yi sai da shi.

Wani kuma zai ce ai jami'o'in Turai ma haka suka fara, malamai da ɗalibai a gidajen haya, kuma ko a Azhar shehi ne ke ba da ijaza da sunansa har zuwa ƙarni na 19. Duka gaskiya ne. Amma abin da ya mayar da Bolonya da Faris jami'a shi ne malamai ko ɗalibai sun haɗu sun zama ƙungiya mai doka, mai shugaba, mai takardar izini daga Paparoma ko sarki, mai ba da shaida da sunan ƙungiyar. A ƙasashen Musulmi kuwa abin da ya yi kusa da wannan shi ne madarasa mai waƙafi, irin Nizamiyya da aka buɗe a Bagadaza a 1067, ko waɗanda sarakunan Banu Marin suka giggina a Fas a ƙarni na 14: gini na musamman, da ɗakunan ɗalibai, da albashin malami daga kuɗin shaguna da gonakin da aka tsayar domin haka. Malaman Timbuktu sun san waɗannan sarai, don ta Alƙahira suke bi zuwa hajji, kakan Ahmad Baba ma ya sadu da Imam Suyuɗi a can. Duk da haka ba su kafa irinta a garinsu ba, kuma ba rashin zinariya ya hana su ba. Ilimin garin kasuwa ce ke ɗauke da shi. Manyan gidajen malamai gidajen fatauci ne, ko surukan fatake. Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya zo garin a farkon ƙarni na 16, ya lura cewa littattafan da ake kawowa daga Magrib sun fi kowace haja riba. Sarakunan Songhai suna ba da kyauta, musamman Askiya Muhammadu da ɗansa Askiya Dawuda, gonaki da bayi da zinariya, amma ga wane da wane suke bayarwa, kyautar ba ta zama albashin da za a iya yankewa ba. Wannan ya ba malaman wani 'yanci da malamin madarasa ba shi da shi. Alƙali Aƙibu, in sarki ko wani babba ya yi abin da bai yarda da shi ba, sai ya ajiye alƙalancin ya kulle ƙofar gidansa, sai an zo an lallashe shi.

Fa'ida ta biyu ita ce ilimin da ke cikin kan mutum da gafakarsa yana iya tashi. Da Sunni Ali, sarkin Songhai, ya ci garin a farkon 1469 ya sa malaman Sankore a gaba, sai suka yi ayari suka koma Walata. Assa'adi, cikin ɗan zolaya, ya ce a ranar an ga dattawa masu gemu suna rawar jiki a gaban raƙumi, wasu na faɗowa in ya miƙe, saboda tun suna yara ba su san komai ba sai karatu. Sun dai isa, kuma da zamani ya juya, musamman bayan Askiya Muhammadu ya hau a 1493, suka dawo suka ci gaba daga inda suka tsaya. A cikin wannan watsuwa ne ƙasar Hausa ta samu rabonta. Alhaji Ahmadu ɗan Umar, kakan Ahmad Baba, da ya dawo daga hajjin da ya yi a 1485 ya tarar gida ba lafiya, sai ya zauna a Kano ya karantar. Almajirinsa Aida Ahmad ya zauna a Katsina, aka naɗa shi alƙali, a can ya rasu wajen 1529. Mahluf Albilbali ya karantar a Kano da Katsina. Littattafan ma haka suka riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu. A 1853, Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, a Gwandu ya fara ganin kwafin Tarihus Sudan, ya zauna ya kwafi abin da ya iya kafin ya wuce Timbuktu. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta shi, kuskuren da aka gyara daga baya. Ta hannun wani malamin Gwandu ke nan Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai.

Amma a nan ne hujja mafi ƙarfi a kan wannan tsari take, kuma ba a iya kauce mata. Ilimin da ke zaune a gidaje kaɗan, kama mutum kaɗan ya isa ya durƙusar da shi. Sarkin Maroko Ahmad Almansur ya turo runduna mai bindigogi ƙarƙashin Judar Basha, ta ƙetare hamada ta karya sojojin Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi cikin Maris 1591. A Oktoba 1593 Basha Mahmudu ɗan Zarƙun ya kira malamai zuwa masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a, aka rufe ƙofofi, aka kama su. An kashe wasu a hanya, aka wawashe gidajensu, a 1594 aka tasa ƙeyar iyalan gidan Aƙit, dangin Ahmad Baba, zuwa Marrakish cikin sarƙa, har Ahmad Baba ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa. Gida ɗaya ne, amma gidan da ya riƙe alƙalancin garin kusan shekara ɗari. Ahmad Baba ya ce an kwashe masa littattafai 1,600, kuma shi ne mai mafi ƙarancin littattafai a danginsa. Bagayogo, wanda ba a kama ba, ya rasu a wannan shekara. Timbuktu ba ta sake komawa yadda take ba. Madarasa mai waƙafi, in an kori malaminta, ana naɗa wani ya zauna a kujerar, shagunan kuma su ci gaba da kawo haya. Ga kuma wani aibu da ba ya bukatar mahara: babban ilimi ya zama kamar gado, ɗan malami da ɗan attajiri ne ke da sukunin shekara goma a gaban shehi, ɗan talaka ya sauke allo ya kama sana'a. Adadin Saad da kansa ya nuna haka, dubbai a ƙasa, ɗaruruwa a sama.

Duk da haka, a duba abin da ya biyo baya kafin a yanke hukunci. Da aka sassauta wa Ahmad Baba tsarewa a 1596, da sharaɗin kada ya bar Marrakish, sai ya zauna a Masallacin Shurafa ya buɗe karatu, alƙalai da muftan birnin da ya kamo shi suna zuwa ɗaukar darasi a gabansa. A wannan zaman ne ya kammala Nailul Ibtihaj. Bayan rasuwar Almansur a 1603, ɗansa Zaidan ya ba shi izinin tafiya, ya iso gida a 1608. Bayan haka mutanen Tuwat, can cikin hamadar Aljeriya ta yau, suka aiko masa da tambaya a kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙaƙe, wa ya halatta a mallaka, wa bai halatta ba. Amsarsa, a 1615, ita ce Mi'irajus Su'ud. Bai haramta bauta ba, mutumin zamaninsa ne, kuma bai kamata a ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma ya ƙaryata cewa baƙar fata dalili ne na bauta, ya yi watsi da tatsuniyar la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da ba ya halatta a mallaki mutanensu. Abin lura shi ne wanda aka aika wa tambayar: daular da ta ɗaukaka garin ta faɗi sama da shekara ashirin kafin nan, littattafansa an washe, amma fataken Tuwat sun san inda fatawa take. Ahmad Baba ya rasu a 1627. Assa'adi kuwa a 1594 aka haife shi, shekarar da aka kwashe malaman, kuma a garin da ake cewa ya mutu ne ya yi karatun da ya ba shi ikon rubuta Tarihus Sudan wajen 1655. Daga baya jagorancin ilimi ya koma hannun Kunta, wajen Sidi Muhtar Alkunti da ya rasu a 1811, wanda makarantarsa tantuna ce a hamadar arewa da garin, kuma Shehu Usmanu da jama'arsa suna girmama shi a Ƙadiriyya. Jikan Sidi Muhtar, Ahmad Albakka'i, shi ya ba Barth mafaka a Timbuktu.

Zamaninmu ya sake gwada tsarin biyu, na gida da na hukuma, gefe da gefe. A 1973 gwamnatin Mali, da taimakon UNESCO, ta buɗe Cibiyar Ahmad Baba domin tattara rubuce-rubucen da ke warwatse, kuma a 2009 Afirka ta Kudu ta gina mata sabon mazauni dab da masallacin Sankore, bayan ziyarar da Thabo Mbeki ya kai garin a 2001. A Afrilun 2012 'yan tawaye suka kama Timbuktu, mayaƙan Ansar Dine da abokansu na Alƙa'ida suka mallake ta. Suka rushe hubbarorin waliyyai, suka ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahaya, laifin da ya sa kotun duniya da ke Hague ta ɗaure Ahmad Alfaƙi Almahdi shekara tara a 2016. Sabon ginin cibiyar kuwa masauki suka mayar da shi, kuma da za su gudu a Janairun 2013, sojojin Faransa na tafe, suka cinna wa rubuce-rubuce wuta, kimanin 4,200 suka ƙone ko suka salwanta. Na gidaje ba su taɓu ba, domin babu wanda ya san adadinsu ko inda suke sai masu su. Abdulƙadir Haidara, mai kula da ɗakin karatun gidansu na Mamma Haidara, da wasu iyalai, sun riƙa zuba su a akwatunan ƙarfe ana rarrabawa gida-gida da dare, daga baya aka yi ta sulalewa da su zuwa Bamako a motoci da jiragen ruwa. Kada dai a zarce da labarin: mafi yawan abin da cibiyar gwamnati ta mallaka shi ma ya tsira, don ma'aikatanta sun fitar da shi ta irin wannan hanya, kuma kuɗin jigilar da na adanawa daga gidauniyoyin ƙasashen waje ya fito. Gidaje sun iya ɓoyewa, amma ba su iya biyan kuɗin mota da na'urar tsotse laima a Bamako.

Kuma gidan da ya ɓoye littafi daga mai ƙonawa ba ya iya ɓoye shi daga gara, ko daga rabon gado da ke raba mujalladi ɗaya gida uku, ko daga magajin da bai iya Larabci ba ya ga baƙo da kuɗi a hannu. Adadin da ake ta ambata na abin da aka kai Bamako, sama da 300,000, shi ma yana bukatar irin taka-tsantsan da aka yi wa ɗalibai 25,000, don a irin wannan ƙidaya warƙa ɗaya rubutu ce, littafi mai shafi ɗari biyar ma rubutu ne. Ana yawan tallata na ilimin taurari da lissafi da magani, kuma akwai su, amma su ne kaɗan. Mafi yawa kwafe-kwafen littattafan fiƙihu da nahawu da addu'o'i ne da almajirai suka yi wa kansu, sai fatawoyi, da takardun bashi da na cinikin gida da gishiri da bayi, da wasiƙu. A cikin tarin Cibiyar Ahmad Baba akwai wasiƙun wani gidan fatake na Gadamas na ƙarni na 19, tsakanin iyayen gida da wakilansu a Timbuktu da garuruwan bakin kogi, wasu daga cikin wakilan ma bayi ne da suka iya rubutu. Irin waɗannan takardu su ne za su nuna wa ya ciyar da wane malami, nawa aka sayi takarda, wane littafi aka fi kwafa a wane ƙarni, kuma kaso mai yawa daga cikinsu har yanzu sunansu kawai aka shigar a rajista, ba a zauna an karanta su ba.